Kafin A Sayi Fom Ɗin Legon, A Zauna A Yi Lissafi

Duk shekarar Allah, da zarar hukumar WAEC ta saki sakamakon jarrabawar kammala sakandare, wato WASSCE, sai ka ji magana ɗaya tana yawo daga Zogbeli zuwa Sabonjida, ta ratsa kasuwar Aboabo, ta bi motocin kaya har Paga da Bawku da Sinkansi: “Yaro ya ci.” A yi barka, a yi addu'a, wani ma har ya yanka kaza. Washegari uba ya turo kuɗi ta waya daga bakin iyaka, a sayi fom ɗin Legon da na Kumasi, a rubuta likitanci a zaɓi na farko, haɗa magunguna a na biyu, sannan a zauna jiran kira. Makonni su shuɗe, jerin farko ya fito babu sunansa, na biyu ya fito babu, daga nan sai a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. Wani ya ce don mu 'yan Arewa ne, wani ya ce don mu 'yan Zango ne, wani kuma ya ce ai sai da hanya.

Ba mu ce babu wariya a duniya ba, kuma za mu zo kan tarihin da ya bar Arewa a baya. Amma ra'ayinmu shi ne, mafi yawan wannan baƙin ciki ana iya hango shi tun ranar da sakamako ya fito, da biro da bayan kwali, cikin minti goma. Abin mamaki, mutumin da ba zai loda buhun albasa ɗaya a Galmi ba sai ya san nawa ake sayarwa a Kumasi, nawa direba zai karɓa, nawa za a bari a shingaye, shi ne zai sayi fom uku ko huɗu a makance saboda yaro ya ce masa ya ci. Cin jarrabawa daban, samun gurbi daban, kuma a tsakaninsu akwai lissafin da duk ɗan kasuwa zai iya yi, ko da bai taɓa zama a ajin boko ba.

Ga yadda abin yake. Takardar sakamako takan zo da darussa takwas, huɗu na dole, huɗu na zaɓi. Na dolen su ne Turanci da Lissafi da Kimiyya ta bai-ɗaya da Nazarin Zamantakewa. Kowane darasi ana ba shi daraja daga A1 har zuwa F9, kuma lambar da ke jikin harafin ita ce makinsa: A1 maki 1, B2 maki 2, B3 maki 3, haka har C6 mai maki 6. Jami'a tana ɗaukar darussa shida, uku daga na dole, uku daga na zaɓi, ta tara makinsu. Wannan jimilla ita ce yara ke kira agiriget. A nan ƙarami shi ne babba. Kamar bashi ne, wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ya fi samun barci. Wanda ya sami A1 a duka shidan yana da 6, ba a wuce wannan. Wanda ya sami C6 a duka yana da 36, kuma daga nan ƙofar digiri ta rufe.

To, a nan ne kalmar “ya ci” take yaudarar mutane. D7 da E8 a wurin WAEC ba faɗuwa ba ce, F9 ce faɗuwa, saboda haka yaron da ya kawo D7 ya ce wa mahaifinsa bai faɗi komai ba, bai yi ƙarya ba. Sai dai jami'o'in gwamnati ba sa ƙirga D7 a neman digiri. Yaro ya kawo A1 biyar, ya kawo D7 a Turanci, to ba shi da jimillar da za a duba, duk kyan sauran darussansa. Haka kuma 36 izinin shiga layi ne kawai. Manyan jami'o'i irin su Legon da KNUST ta Kumasi, a kwasa-kwasan da ake rububinsu, layin yakan ƙare tun kafin a kai ga mai 12. Likitanci a waɗannan wurare ya daɗe yana tsayawa tsakanin 6 da 8, kuma ko mai wannan makin sai an sake tace shi da jarrabawa ko ganawa ido da ido, domin masu shi sun fi kujerun yawa.

Bari mu kawo misali, domin lissafi a baki ba ya zama. A ce yarinya ta karanta kimiyya a ɗaya daga cikin makarantunmu na Tamale, ta fito da B3 a Turanci, A1 a Lissafi, B2 a Kimiyya ta bai-ɗaya, A1 a Nazarin Zamantakewa, sannan a darussan zaɓi ta sami B2 a Bayoloji, B3 a Kemistiri, B3 a Fizis, C4 a Lissafin zaɓi. Duk wanda ya kalli wannan takarda zai ce masha Allah, kuma ta cancanci yabo. Amma idan likitanci take nema, A1 ɗin Nazarin Zamantakewa ba zai shiga lissafi ba, domin a kwas ɗin kimiyya Kimiyya ta bai-ɗaya ake ɗauka. Turanci 3, Lissafi 1, Kimiyya 2, ya zama 6. Bayoloji 2, Kemistiri 3, Fizis 3, ya zama 8. Jimilla 14. Mai 14 tana da ƙofofi masu kyau a buɗe, da yawa ma, amma likitancin Legon ba ya cikinsu. Idan aka rubuta mata shi a zaɓi na farko don uba yana son a ce masa baban likita, an yi mata asara biyu: ba ta sami wanda ta nema ba, kuma kwas ɗin da makinta ya isa yana iya cika da waɗanda suka sa shi a zaɓinsu na farko. Jami'o'in nan sukan fara duba waɗanda suka nemi kwas a matsayin na farko, kuma a kwasa-kwasai masu zafi ba a ma kai wa ga na biyu.

Makin da ake yankewa a kai, wanda ake kira katof, ɗan kasuwa ya fi kowa saurin gane shi, domin farashi ne. Kujeru ƙidaye suke, masu nema kuwa suna ƙaruwa. Ana jera su daga mai ƙaramar jimilla zuwa sama, a yi ta ɗauka har kujeru su ƙare, makin na ƙarshen da ya shiga shi ne farashin wannan shekara. Shekarar da sakamako ya yi kyau a ƙasa, farashi ya hau. Shekarar da aka faɗi da yawa, ya ɗan sauka. Don haka katof ɗin bara jagora ne kawai, kamar yadda farashin masara na bara yake nuna maka inda na bana zai dosa ba tare da ya zama shi ba. Jami'o'in suna buga na shekarun baya a shafukansu na intanet, kyauta, kowane yaro mai waya zai iya buɗo wa mahaifinsa. Shawararmu ita ce a duba na shekara biyu ko uku. Idan makin yaro ya fi katof kyau da biyu ko fiye, a sa rai. Idan daidai yake da shi, sa'a ce, a sa amma a tanadi wani wuri. Idan kuwa ya gaza da uku ko huɗu, a bar wannan kwas ɗin, a daina ɓata kuɗin fom.

Masu neman gurbi sun ƙaru ainun tun da gwamnatin Akufo-Addo ta soma sakandare kyauta a watan Satumba na 2017, har ta kai a 2018 aka raba ɗalibai gida biyu suna shiga makaranta bi da bi saboda ƙarancin azuzuwa. Yanzu masu zama WASSCE a Gana sun haura 400,000 a shekara. Kujerun likitanci da injiniyanci ba su ƙaru da wannan sauri ba, ko kusa. A ɗaya ɓangaren kuma, sakamakon 2025 ya nuna inda gizo ke saƙar: waɗanda suka sami A1 zuwa C6 a Lissafin dole ba su kai rabi ba, kusan kashi 49 cikin 100 ne, alhali a 2024 sun kusa kashi 67. Ma'ana, fiye da rabin yaran da suka zauna jarrabawar a wannan shekara darasi ɗaya ya tare musu hanyar digiri. Mu da muke alfahari da cewa yaranmu sun iya ƙirga canji tun suna shekara bakwai, sai mu lura cewa lissafin kanti bai wadatar a ɗakin jarrabawa ba.

Yanzu sai mu koma ga masu cewa an bar Arewa a baya, domin suna da gaskiyarsu. Mfantsipim ta Cape Coast an kafa ta a 1876. Makarantar sakandare ta farko ta gwamnati a duk faɗin Arewa, wadda muke kira Tamasco, sai 1951 aka buɗe ta. Shekara 75 ke nan tsakani, kuma ba haɗari ba ne, domin Turawan mulki sun ɗauki Arewa a matsayin rumbun leburori na ma'adinai da gonakin koko, suka taƙaita boko da gangan. A shekarar 2000, Farfesa Ivan Addae-Mensah, wanda yake shugaban jami'ar Legon a lokacin, ya gabatar da lacca inda ya nuna cewa mafi yawan masu shiga manyan jami'o'in ƙasar nan daga makarantu kusan 50 kawai suke fitowa. Yaron da ya yi Fizis a makarantar da ba ta da ɗakin gwaji na kirki, ya zauna jarrabawa ɗaya da na Presec ta Legon, idan ya fito da 14 wallahi ƙoƙarinsa bai gaza na mai 8 ba. Mun yarda da wannan ɗari bisa ɗari.

Sai dai kwamfutar da ke jera sunaye ba ta karanta tarihi. Abin da ya kamata mu sani shi ne inda aka buɗe ƙofa saboda wannan tarihi, mu bi ta. Tun 2003, zamanin Farfesa Kwesi Andam, KNUST ta ware gurabe domin ɗaliban makarantu marasa gata, inda ake ɗaukar waɗanda suka yi fice a irin waɗannan makarantu ko da makinsu bai kai na gama-gari ba. Legon ma tana da irin wannan sassauci, kuma ta daɗe tana rage wa mata maki guda a wasu kwasa-kwasai. Uban da ɗansa ya fito daga ƙaramar makarantar ƙauye ko ta jeka-ka-dawo, ya je wurin shugaban makarantar ya tambaya ko tana cikin jerin marasa gata, da kuma yadda ake miƙa sunaye. Tambaya ce ta minti biyar, amma iyaye nawa ne a cikinmu suka taɓa taka ofishin shugaban makarantar 'ya'yansu, ban da ranar da aka kore su? Kuma kada a manta, daga makarantun Tamale ɗin nan mutane suka fita suka kai inda suka kai. Shugaba John Mahama a Ghanasco ya yi kafin ya tafi Legon. Marigayi Alhaji Aliu Mahama a Tamasco ya yi kafin Kumasi. Dakta Bawumia ma ɗan Tamasco ne.

Akwai wata magana da ta fi duk waɗannan ciwo, ita ce mafi yawan hukuncin an yanke shi shekara uku kafin WASSCE. Ranar da yaro ɗan shekara 14 ko 15 yake cike takardar zaɓen makaranta a ƙaramar sakandare, ranar yake zaɓar fannin da zai karanta: kimiyya, ko adabi, ko kasuwanci, ko tattalin gida, ko noma, ko zane, ko sana'ar hannu. Tun 2005 kwamfuta ce ke rarraba yara bisa wannan zaɓi. A wannan rana uba yana Hamile ko Aflao yana jiran a saki mota, uwa tana kasuwa, sai yaro ya zaɓi abin da abokinsa ya zaɓa. Bayan shekara uku a zo ana cewa a sa shi likitanci, alhali bai taɓa shiga ajin Kemistiri ba. Wanda bai yi Lissafin zaɓi ba, injiniyanci ya wuce shi, haka ma yawancin kwasa-kwasan kwamfuta a manyan jami'o'i. Mu 'yan kasuwa muna son tura yara fannin kasuwanci don su zo su riƙe mana littafi, wannan ba laifi, amma a tabbata akwai Lissafin zaɓi a cikin darussansa, domin yana buɗe masa ƙofofin da rashinsa ke rufewa. Wanda kuma ya tafi fannin adabi, mu da rayuwarmu take tsakanin Gana da Burkina da Togo, me zai hana ya ɗauki Faransanci? Ƙarin bayani: sabuwar manhajar da aka soma da 'yan aji ɗaya a 2024 ta sauya tsarin haɗa darussa, don haka wanda ɗansa ya shiga daga wannan shekara ya nemi ƙa'idojin jami'a na shekarar da yaron zai nema, kada ya dogara da abin da wansa ya bi.

To, idan lissafi ya nuna Legon da Kumasi ba za su samu ba, sai me? A nan muna da ƙorafi a kan jama'armu. Akwai jami'a a bakin ƙofarmu da wasu ke yi wa kallon ta maneji. UDS an kafa ta a 1992, ta soma karatu a Nyankpala a 1993, kuma Rawlings ya zuba kyautar dala 50,000 da ya samu ta yaƙi da yunwa a matsayin jarin farko. Yau tana da makarantar likitanci a Dungu, ɗalibanta suna koyon aiki a asibitin koyarwa na Tamale, tana koyar da haɗa magunguna da aikin jinya da unguwarzoma da gwajin jini da noma da injiniyanci. Rassanta na Wa da Navrongo sun zama jami'o'i masu cin gashin kansu a 2020. Kada a fahimce mu a baibai, likitanci a Dungu ma rububinsa ake yi, daga Kudu ma ana zuwa nema. Amma yaron Zogbeli da ya sami gurbi a Dungu zai iya kwana a gidan ubansa, ya ci tuwon uwarsa, ya hau yalo-yalo ya tafi lacca. Wanda ya tafi Akara kuwa, matsalar ɗakin kwana a Legon ba boyayya ba ce, kuma kuɗin hayar ɗaki a waje yakan ninka kuɗin makarantar kanta. Likitan da ya fito daga Dungu da wanda ya fito daga Korle Bu, hukuma ɗaya ce ke ba su lasisi. Mara lafiya ba ya tambayar inda aka yi digiri kafin ya miƙa hannu.

Mun fi ganin hikima a zaɓi kwas mai amfani a jami'ar da za a samu, bisa a karɓi duk abin da aka jefo wa yaro a Legon don kawai a ce yana Legon. Ga kuma jami'ar fasaha ta Tamale, ga kwalejin horar da malamai ta Bagabaga da ta Tamale, waɗanda tun 2018 digirin shekara huɗu suke bayarwa, ga makarantun jinya da ake sayar da fom ɗinsu daban a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Su ma a shiga da ido buɗe, domin ma'aikatan jinya da yawa sukan gama su zauna shekaru suna jiran gwamnati ta ɗauke su.

Wanda darasi ɗaya ya kayar, maganinsa sananne ne: ya sake zama. Akwai jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, wadda kowa ya sani da Nobdek, sannan daga 2025 WAEC ta ƙara wata a watannin Janairu da Fabrairu. Jami'o'i suna yarda a haɗa sakamakon zama biyu a yawancin kwasa-kwasai. Mayar da D7 ta zama C4 yana buɗe digiri gaba ɗaya, mayar da C5 ta zama B2 yana rage maki uku. Amma fa sai an bar yaro ya yi karatu. Ba a ce ya sake jarrabawa ba, sannan a ɗora shi a kan tirela zuwa Wagadugu sau biyu a wata, ko a tsare shi a shago daga asuba har isha'i, a zo ana mamakin D7 ta koma E8. Akwai kuma hanyar biyan cikakken kuɗi, inda jami'a ke ɗaukar wanda ya gaza katof da kaɗan, bisa sharaɗin ya biya ninkin abin da sauran ke biya. Mai hali yana iya bi, halal ce, a rubuce take. Amma a yi lissafin shekara huɗu, ko shida idan likitanci ne, kada a yi na shekarar farko kawai. Mun san yadda kasuwa take. Shekarar da sidi ya faɗi ko aka rufe iyaka, kamar yadda Nijeriya ta rufe tata a 2019, jarin da ake taƙama da shi yakan narke, yaro kuma yana aji uku.

Game da kuɗi, akwai sauƙin da ya samu. A 2025 gwamnati ta soma biya wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a manyan makarantun gwamnati, amma ban da ɗakin kwana da abinci, kuma daga shekara ta biyu nauyi ya dawo kan gida. Tun 2022 asusun ba ɗalibai rance ya daina neman mai tsaya wa yaro, katin ɗan ƙasa ya wadatar. Yaro mai ƙwazo daga gidan da ba shi da ƙarfi ya nemi tallafin gidauniyar Mastercard a KNUST ko a jami'ar Ashesi da ke Berekuso, wadda ba ta tsaya ga maki kaɗai ba, tana duba halin gida da irin abin da yaro ya yi wa al'ummarsa.

Sai 'yan hanya. Duk lokacin ɗaukar ɗalibai sukan fito kamar cinnaka bayan ruwan sama: wane ya san wani a ofishin rajista, kawo sidi dubu kaza a sa sunan yaronka a jerin manya. Wasu har cewa suke yi za su gyara maki a kwamfutar WAEC. Jama'a, wanda ya sayi kaya a hannun ɗan sumoga ya san ba shi da rasit ɗin da zai kai ƙara. Mafi yawa kuɗin ne ke tafiya, gurbi bai zo ba. Wanda kuma aka shigar da takardar jabu, jami'o'i suna tantance sakamako kai tsaye daga WAEC, kuma suna korar ɗalibi ko ya kai ajin ƙarshe, har ma su janye digiri bayan an bayar. Haka nan masu cewa za su kai yaro likitanci ƙasar waje. Idan ba a manta ba, a 2022 yaƙi ya koro ɗalibai daga Yukren, a 2023 ya koro su daga Sudan, wasu karatun bai haɗu ba har yau. Wanda ya gama a waje kuma sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta Gana kafin ya taɓa mara lafiya. Tallafin gwamnatin Turkiyya, wanda yaranmu ke yawan nema, kyauta ake cike shi a intanet a farkon shekara, kuma a fannin lafiya kashi 90 cikin 100 suke nema. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo maka shi, ka riƙe aljihunka.

Akwai abin da ya shafe mu mu mutanen iyaka fiye da kowa, shi ne takardun ɗan ƙasa. A tsarin mulkin Gana na 1992, haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, sai idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Gidaje da yawa a Zango kakanni sun zo tun zamanin fataucin goro, ba su da wata ƙasa sai wannan, amma akwai kuma waɗanda uba ya zo daga Maraɗi ko Sakkwato shekara ashirin da suka wuce, uwa ma daga can. Yaron irin wannan gida, ko a Zogbeli aka yanke masa cibiya, jami'a za ta iya lissafa shi baƙo, baƙo kuwa da dala yake biya, kuma ba ya cikin rance ko tallafin shekarar farko. A warware wannan tun yaro yana aji ɗaya na sakandare. Idan ta tabbata takardunsa na Nijeriya ne, to sakamakon WASSCE ɗinsa yana aiki a can, domin hukumar ɗaya ce, amma lissafin ya bambanta: kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, sannan jarrabawar JAMB mai maki 400, wadda ba a yin rajistarta sai da lambar NIN, sannan tantancewar jami'ar kanta, ko Ahmadu Bello ta Zariya ce ko Bayero ta Kano. Wanda kuma ya yi karatunsa a Nijar ko Burkina ya fito da bakaloriya, jami'o'in Gana suna karɓarta, amma sai ya nuna ya iya Turanci.

Ko ɗan ƙasa na asali, a duba sunansa. Mu ne masu rubuta Abdul Rahman a takardar haihuwa, Abdulai Rahaman a BECE, Abdurrahman a katin ɗan ƙasa, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata, saboda malamin firamare ne ya ƙiyasta. Kwamfuta ba ta san cewa duk mutum ɗaya ne ba. Gyaran irin wannan sai an yi rantsuwa a gaban kotu ko kwamishinan rantsuwa, wani lokaci har da bugawa a gazet ɗin gwamnati, kuma yana cin makonni, alhali wa'adin karɓar gurbi da biyan kuɗi gajere ne. Idan wa'adin ya wuce, kujerar ta koma ga na bayansa a layi.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo 'yan mata, domin su ne lissafinsu ya fi saurin lalacewa ba tare da laifin WAEC ba. Yarinya ta fito da 12, wanta ya fito da 26, sai a sayi fom uku domin shi, ita kuma a ce ta riƙe shago tukuna har a ga abin da Allah zai yi, wato har miji ya fito. Matanmu kuwa kullum kukansu a asibiti shi ne ba su sami mace ta duba su ba. Idan Akara ce ta yi nisa, kuma mun fahimci damuwar uwa, ai Dungu da makarantar jinya ta Tamale ba su kai tafiyar rabin awa daga Zogbeli ba. Kuɗin fom ɗaya ne ga mace da namiji, kuma idan a gida fom ɗaya kawai za a iya saye bana, a ɗora takardun biyu a kan tabarma, a tara makin kowa, a saya wa wanda nasa ya fi ƙanƙanta.